Kwana Huɗu A Kintampo: Garin Da Kowa Ke Wucewa, Da Tsofaffin Da Muke Bari A Gida

Duk wanda ya taɓa hawa motar Kumasi zuwa Tamale ya san Kintampo, ko da bai taɓa kwana a cikinta ba. Nan direba yake tsayawa mota ta huce, fasinja su sauka su kama ruwa, a yi sallah, a sayi soyayyar doya da yaji, a koma kujera. Minti ashirin ne, in ta yi yawa rabin awa. Manyan motocin albasa daga Nijar, na shanu da tumatir daga Burkina, na gawayi da doya daga ƙauyukan kewaye, duk ta nan suke gangarawa kudu. Mutanen garin suna alfahari su ne cibiyar Gana, har da ɗan ginin da aka yi don nuna tsakiyar ƙasa. Daga nan ne kuma ƙasa take sauya kama: kurmin kudu yana ƙarewa, sararin arewa mai kaɗanya da ɗorawa yana farawa.

Garin ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Kakanninmu da suka riƙa zuwa Gwanja fataucin goro, Salaga suka fi sani. Amma bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi da yaƙi a 1874, hanyar goro ta karkata, kasuwar Salaga ta fara ja da baya, ta Kintampo ta ɗaga. Da yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, fatake suka ƙara watsuwa, wasu Yeji, wasu Kete-Krachi, wasu Kumasi, wasu nan. Shi ya sa in ka shiga zango yau za ka ji Hausa a bakin Gwanjawa da Dagombawa da Zabarmawa da Fulani, kusa da masu ƙasa, Bono da Mo. Tun 2019 garin yana cikin jihar Bono ta Gabas, wadda babban birninta Techiman yake kamar kilomita 60 kudu da nan.

Ni ma ɗan wucewa ne, amma wannan karon na sauka na yi kwana huɗu. Dalili kuwa zumunci. Akwai wani dattijo da muke ce wa Baba, shi ne mai gidan mahaifina a zamanin da yake kawo shanu. A zaurensa yake sauka, shi yake sayar masa, shi yake ajiye masa kuɗi. An aiko mini cewa Baba ba ya jin daɗi, kuma ba ciwon kwanciya ba ne.

A zauren Baba

Na iske shi zaune bisa buzu, riga wankakkiya, carbi a hannu, tsaf da shi. Na durƙusa na gaishe shi. Ya dube ni ya yi murmushi, ya kira ni da sunan mahaifina, wanda ya shekara 11 da rasuwa.

"Kai ne? Yaushe ka sauka? Nawa ka baro ƙwaryar goro?"

Babban ɗansa, wanda nake ce wa Yaya, ya ƙyafta mini ido. Na ce, "Baba, kasuwa da sauƙi, alhamdu lillahi." Ya ce madalla. Kafin a kawo mini ruwa ya yi mini wannan tambaya sau huɗu, kowane karo da murnar da ya yi ta farko.

Da muka keɓe, Yaya ya jero mini yadda abin ya faro, yau shekara uku ke nan. Da farko maimaita magana ne. Sai ajiye kuɗi a rasa inda aka sa su, a ce jika ya ɗauka. Yaro ya sha duka sau biyu kafin a gano kuɗin cikin matashin kai. Sai wata rana ya fito daga masallacin da ya shekara hamsin yana sallah a ciki, ya rasa hanyar gida. Wani mai babur ne ya tsince shi a bakin titin Tamale ya dawo da shi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne harshe. Baba ya ji Tonanci, wato yaren Asante, kamar a ciki aka haife shi, da shi ya yi ciniki shekara da shekaru. Yanzu ya zube masa. In maƙwabciyarsu Batoniya ta gaishe shi, sai ya bi ta da ido. Hausar ma da ta rage masa ta ƙauyensu ce na ƙasar Katsina, da wasu kalmomin da jikokinsa ba su taɓa ji ba. Kuma kullum da la'asar sakaliya zai naɗe riga biyu ya sa a jaka, ya ce zai tafi gida, Inna tana jiransa. Yana ɗan shekara 18 ya baro garin.

Sai maganar bashi. Baba ya yi dillancin shanu fiye da shekara arba'in ba littafi, komai a ka. Yau kan ya tafi da lissafin. Yaya ya ce, "Ƙanena, wanda Baba ke bi ya yi shiru, wanda ke bin Baba ya zo da shaidu." Mai karatu, in kai ma a ka kake ajiye cinikinka, ka riƙe wannan magana.

Wadda take ɗauke da nauyin kuwa ba ta cikin zaure. Matar Yaya ce. Ita take dama masa koko ta zauna har ya shanye, don in aka bar shi sai ya manta yana sha. Ita take wanke shimfiɗa in ya ɓata. Ita take jin motsin ƙofa da ƙarfe biyun dare. Da tana da teburin shinkafa da wake a tasha, ta rufe. Na ce mata, "Uwargida, sannu da ƙoƙari, Allah Ya ba da lada." Ta ce, "Amin. Ai uba ne." Ba ta ƙara ko kalma ba, amma idonta ya nuna ta daɗe ba ta yi barcin kirki ba.

"Ai tsufa ne"

Duk wanda na yi wa maganar Baba a zango, amsa ɗaya ce: ai tsufa ne. Mu muna cewa gigin tsufa, ko tsohon ya rikice, ko ya koma yaro. Ba a ɗaukar sa ciwo, balle a ce asibiti.

A nan garin akwai cibiyar binciken lafiya da aka kafa a 1994, wadda take bin lafiyar mutanen ƙauyukan yankin gida gida. Masu bincikenta tare da abokan aikinsu na Landan sun zauna da iyalan tsofaffi masu wannan larura, suka wallafa abin da suka samu a 2019. A taƙaice: iyalai suna kallon abin a matsayin lalacewar jiki da tsufa ke kawowa, ba abin kunya ba, suna ɗaukar jinya a matsayin hakkin iyaye, matan gida ne suke raba aikin a tsakaninsu, kuɗi ne babbar wahala, kuma magani, na asibiti ko na gargajiya, ana neman sa ne don ciwon da ake ganin yana warkewa. Abin da na gani da idona bai saɓa da wannan ba.

Wannan kallo yana da alherinsa. Tsoho yana nan cikin gidansa, ana gaishe shi, ana sa masa riga mai kyau ranar Juma'a, ba wanda ya ce a kai shi wani gida a ajiye. Amma yana da tsadarsa. In ka ce tsufa ne kawai, ba za ka nemi abin da za a iya gyarawa ba, ba za ka shirya wa abin da ke tafe ba, kuma ba za ka ga cewa mai jinyar tana bukatar taimako ba.

Likitoci suna kiran abin dimenshiya, a rediyo kuma ana cewa cutar mantuwa. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba kowane tsoho ne yake yin sa ba. Muna da 'yan shekara 90 da za su ba ka lissafin sadakin aurensu. Bambancin a fili yake. Ka manta sunan wanda ka sayar wa kaya jiya, daga baya ya faɗo maka, wannan mantuwa ce ta kowa. Amma mutumin da ya shekara arba'in a kasuwa ya kasa ba da canjin sidi goma, wannan wani abu ne daban. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ne ke fama da shi a duniya, sama da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Nau'in da ya fi yawa shi ne na Alzaima, sunan likitan Jamus da ya fara bayyana shi a 1906. Shi ke da kashi 60 zuwa 70 cikin 100. Wani nau'in kuma daga hanyoyin jini yake zuwa, bayan hawan jini da shanyewar ɓarin jiki. Rahoton ƙungiyar Alzaima ta duniya na 2017 ya ƙiyasta mutum miliyan 2.13 a Afirka kudu da Sahara a 2015, ya ce za su kai miliyan 7.62 a 2050. Tsawon rai yana ƙaruwa, wannan ma yana biye da shi.

Ƙauye, da wata irin fargaba

Rana ta biyu na bi wani mai sayen doya a babur zuwa wani ƙauye wajen Gulumpe, can cikin daji bayan an bar kwalta. Gonakin doya ne iyakar ganinka, da buhunan gawayi a jere a bakin hanya. A gidan da muka sauka na ga ƙofar wani ɗaki ɗaure da igiya ta waje. Na ɗauka awaki ne. Ashe tsohuwa ce a ciki.

'Yarta ce take riƙe da ita, mace mai kamar shekara 50, mijinta ya rasu. Tana jin Hausa sosai. Ta ce in za ta gona takan ajiye mata ruwa da abinci ta ɗaure ƙofa, ta dawo da azahar. "Ɗan uwana, in na zauna da ita me za mu ci? In na bar ta a buɗe, rijiya tana nan, wuta tana nan." Ban sami abin ce mata ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Amma ba rijiya ce ta fi ba ta tsoro ba, bakin mutane ne. Wata asuba aka ga tsohuwar a bayan gidan maƙwabci, ba zane a jikinta, tana kiran sunayen mutanen da suka daɗe da mutuwa. Aka yi rashin sa'a a makon ɗan gidan ba shi da lafiya. Sai raɗa ta fara. Kuma ga inda haɗarin yake: tsohuwar duk abin da aka tambaye ta "i" take cewa. Ke ce kika fita da dare? I. Ke ce kika kama yaron? I. Wanda bai san ciwon ba sai ya ce ta amsa laifinta da bakinta.

Tsoron nan ba na banza ba ne. A watan Yulin 2020, a Kafaba kusa da Salaga, aka yi wa Akua Denteh, tsohuwa 'yar shekara 90, duka har ta mutu a gaban jama'a bisa zargin maita, hoton bidiyon ya zaga duniya. A arewacin ƙasar har yau akwai sansanonin da matan da aka kora suke fakewa, kamar na Gambaga da Kukuo da Gnani da Kpatinga. Majalisar dokoki ta zartar da ƙudurin hana zargin maita a Yulin 2023, amma shugaban ƙasa na lokacin bai sa masa hannu ba. Ba duk wadda aka zarga ce take da cutar mantuwa ba. Hassada da rikicin gado da kishi suna da kasonsu. Sai dai tsohuwar da hankalinta ya rikice ita ce mafi sauƙin kamu, don ba ta iya kare kanta. Kada kuma mu ce wannan halin wasu ne. Mu ma a garuruwanmu mun san yadda ake jifan tsohuwa da kalmar mayya.

Abin da ya kashe wutar a wannan ƙauye abu biyu ne. Ma'aikacin lafiya ya zo ya yi bayani a gaban mai gari, sannan ɗan tsohuwar da ke aiki a Kumasi ya dawo ya yi mako biyu, kowa ya gan shi. Matar ta faɗi wata magana da ta tsaya mini a rai: tsohuwar da ɗanta yake tsaye a ƙofar gida ba a cika ce mata mayya ba. Mu da muke shekara a kan hanya, wannan da mu take.

Abin da ma'aikatan lafiya ke cewa

Kintampo tana da kwalejin horar da ma'aikatan lafiyar karkara, cikinsu har da masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a cikin al'umma. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da manyan asibitocinta uku na ƙwaƙwalwa, na Akra da Pantang da Ankaful, duk suna can kudu bakin teku. A wani ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye, irin waɗanda suke kira Cips, na zauna da wani matashi mai wannan aiki. Babur ɗaya gare shi da ƙauyuka da yawa.

Ya ce yawancin masu zuwa wurinsa masu farfaɗiya ne, da masu taɓin hankali, da samarin da ƙwaya ta kama. Tsofaffi masu mantuwa ba a kawo su. In ma an kawo, don gwiwa ne ko ido ko tari, sai a cikin hira maganar ɓata hanya ta fito. Ya ce su kansu ma'aikata da yawa a gida ɗaya suka tashi da marasa lafiyar, tunaninsu ɗaya: a auna zazzaɓin sauro, a ba da magani, a ce wa iyali su yi haƙuri, tsufa ne. Ba mugunta ba ce. Layi yana da tsawo, karatun da aka yi musu a kan wannan kaɗan ne, kuma mutum ba ya son faɗin sunan ciwon da ba shi da maganinsa a kanta.

Na ce masa, "To malam, in ba ya warkewa, mene ne amfanin kawo shi?" Ya ce amfanin da yawa, ya lissafa.

Na farko, ba duk rikicewa ce wannan ciwon ba. Shi a hankali yake zuwa, wata da watanni. Tsohon da yake lafiya lau shekaranjiya, yau ya rikice, wannan na gaggawa ne: yana iya zama zazzaɓi, ciwon mafitsara, faɗuwar sukari, ƙarancin ruwa a jiki ko shanyewar jiki, kuma da yawa ana maganinsu. Akwai kuma baƙin ciki mai tsanani, da ciwon maƙoƙo, da ƙarancin wasu sinadaran abinci, da kurumta, duk suna kama da mantuwa. Na biyu, hawan jini da ciwon sukari in aka riƙe su, ana rage ɓarnar da suke ƙara yi wa ƙwaƙwalwa. Na uku, akwai magungunan da suke ɗan sassauta alamun ga wasu na wani lokaci, amma likita ne yake ba da su, kuma ba sa warkarwa. Duk wanda ya shigo mota da kwalba ya ce tana dawo da hankalin tsoho, kuɗinka yake so.

Ya ja kunne ƙwarai a kan maganin barci da ake saya a kemis a ɗura wa tsoho don a huta. Yana ƙara rikicewa, yana jawo faɗuwa, karayar ƙugu kuwa ga tsoho sau da yawa ita ce kwanciyar ƙarshe. Haka ɗaure mutum da sarƙa a gidan mai magani ko sansanin addu'a. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Gana ta 2012 ta hana azabtar da mai larura ko wulaƙanta shi, ko a ina ne.

Sauran kuwa dabarun zama ne, waɗanda Uwargida ta riga ta gano da kanta. Kada a yi gardama da shi. In ya ce Inna tana jiransa, ba a cewa ta mutu, don kullum sabon mutuwa ce a wurinsa. A ce ya sha shayi tukuna, mota sai gobe. Lokacin abinci da wanka da barci ya zama ɗaya kullum. A kunna fitila tun kafin magariba, don rikicewar ta fi tashi da yamma. A kawar da ashana da wuƙa da maganin feshi. A ba shi ɗan aikin da hannunsa ya saba. Baba, in aka zube masa goro a faifai ya ware manya da ƙanana, sai ya yi awa guda cikin natsuwa.

Ta fuskar kuɗi ma akwai abin sani. Inshorar lafiya ta ƙasa, wadda aka kafa a 2003, ta ɗauke wa 'yan shekara 70 zuwa sama kuɗin shekara, kuma ana sabunta kati ta waya. Akwai tallafin LEAP da aka fara a 2008, wanda ya haɗa da tsofaffi 'yan 65 zuwa sama a gidaje masu tsananin talauci. Ba su isa komai ba, amma da babu gara ba daɗi.

Ga mu masu sauran ƙarfi kuwa, kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024, ya ce magance su zai iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na wannan ciwo. Cikinsu akwai hawan jini, sukari, taba, ƙiba, rashin motsa jiki, raunin ji da na gani da ba a kula ba, kaɗaici, da buguwar kai. Mai hawa babur ba hular kwano, ka ji.

Sallarsa fa, da dukiyarsa?

Yaya yana da wata damuwa da bai kai wa asibiti ba. Baba yakan yi azahar raka'a biyu, ko ya yi la'asar sau uku, azumin bara kuma an gan shi yana shan ruwa da rana tsaka. Muka je wurin limamin unguwa bayan isha'i. Malam ya ce hankali shi ne sharaɗin ɗora wa mutum ibada. Wanda hankalinsa ya gushe ba a binsa sallah ko azumi, in kuma yana dawowa jefi-jefi, to a lokacin da yake cikin hayyacinsa ne kawai. A bar shi ya yi yadda ya iya, a daina yi masa gyara a gaban mutane. Ya tuna mana cewa a Suratun Nahli da Suratul Hajji an ambaci wannan matakin na rayuwa, inda sani yake komawa rashin sani, don haka ba sabon abu ba ne, ba kuma alamar fushin Allah ba ce.

A kan dukiya ya fi tsanantawa. Ciniki ko kyauta ko yafe bashi daga wanda ba ya cikin hankalinsa ba su ƙulluwa. Dole a tsayar da amintacce ɗaya ya riƙe masa, da sanin sauran magada, a rubuce. Ya ce ya ga gidajen da suka watse a kan fili ɗaya da aka sa tsoho ya dangwala wa hannu.

A kai shi gida, ko a bar shi?

Daren ƙarshe aka yi zaman iyali, wasu a tabarma, wasu a waya. Ƙanen Yaya da ke Abidjan ya ce tunda Baba kullum gida yake nema, a haɗa kuɗi a kai shi ƙasar Katsina ya cika a cikin danginsa. Wata 'yarsa da ke Kumasi ta ce a kawo shi babban asibiti. Kowa da gaskiyarsa, kuma wannan tambaya tana jiran kusan kowane gidan zango, daga Kumasi har Yawunde.

Yaya ya ce shi ma ya yi wannan tunani, har ya tambayi ma'aikatan lafiya. Gidan da Baba yake nema ba ya nan. Inna ta rasu, sa'o'insa sun ƙare, waɗanda ke cikin gidan yanzu ba su san shi ba sai a suna. Ba gari yake nema ba, wani zamani yake nema, shi kuwa ba motar da take zuwa can. Sannan mai wannan ciwo, in aka raba shi da ɗakin da ya saba da fuskokin da ya saba, rikicewarsa ƙaruwa take yi, balle tafiyar kwana da kwanaki da tsallaka iyakoki. Akwai inda komawa gida ita ce daidai, kamar tsohon da ba shi da kowa a nan, can kuwa yana da 'ya ko ƙanwa mai karɓarsa. Ma'aunin dai ɗaya ne: ina mai kula da shi take, ba ina aka binne cibiyarsa ba.

Sai limamin ya ce a tambayi wadda ba a tambaya ba. Aka yi shiru. Uwargida ta ce ita ba ta ce a ɗauke Baba ba. Abin da take so kwana biyu a mako ta koma teburinta, da dare ɗaya da za ta yi barci har asuba. Ta ce ruwan nan mai gangarowa daga dutse a kogin Pumpum, wanda baƙi suke zuwa kallo daga Akra, tafiyar 'yan mintoci ce daga ƙofar gidanta, amma shekara uku ko biki a unguwa ba ta zauna an gama da ita ba, balle yawon buɗe ido.

Aka tsayar da magana. Baba yana nan. Za a kai shi a duba jininsa da sukari da kunne. Na Abidjan zai riƙa turo kuɗi ta waya ranar ɗaya ga wata, adadi sananne, ba sai an roƙa ba. Daga ciki za a biya wata 'yar dangi ta karɓi Uwargida kwana biyu. 'Ya'ya maza za su riƙa kwana a ɗakinsa bi da bi, kuma wanka da kai shi bayan gida nasu ne, don ya fi masa sutura. An ɗinke lambar wayar Yaya a cikin aljihun rigunansa. An gaya wa mai shayin bakin titi da masu babur na unguwa, in sun gan shi da jaka su zaunar da shi su kira. Aka sayi littafi, za a yi sanarwa a masallaci: mai bin Baba da wanda Baba ke bi, kowa ya zo a rubuta a gaban liman. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga 'yan uwana matafiya

Yawancinmu muna da tsoho a wani wuri, ko a zango ko a gida, kuma abin da muka iya shi ne aike. Aike yana da kyau, amma ba ya juya tsoho a shimfiɗa. In ka kira waya, bayan ka gaida tsohon ka ce a ba ka mai jinyar, ka tambaye ta barcinta da cinikinta. In an ce maka Inna ta fara zargin mutane da sata, ko ta ɓata a hanyar da ta sani, kada ka tsaya a "tsufa ne", ka sa a kai ta a duba. In ka ji an fara raɗa a kanta, ka ajiye kaya ka je a gan ka. In za ka raba riba, ka sa matar da ta rufe teburinta saboda mahaifinka cikin lissafi.

Kai ma kanka, tun hankali yana wurinsa, ka sayi littafi. Ka rubuta wanda kake bi da wanda yake bin ka, da takardun fili da na shago, ka nuna wa amintacce inda suke. Ka auna jininka duk lokacin da ka sami hali, ko a kemis ne.

Allah Ya ba masu jinya lada da juriya, Ya sa mu rabu da iyayenmu lafiya, Ya ba mu tsufa mai sutura.